A Duba Dutsen Kanta Kafin a Sayi Tayil ɗin Bangon Kicin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu gina gidaje a kan wani abu da ake rainawa, alhali matan gida ne ke fama da shi shekara da shekaru, wato tayil ɗin da ake mannawa a bangon kicin, tsakanin kantar girki da kabad ɗin sama.

A sababbin gidajen Zariya, daga Hanwa da Samaru har Gyallesu da Tudun Wada, shimfiɗa dutsen giranit a kan kantar kicin ya zama ruwan dare, kuma ban ga laifin hakan ba. Dutse ne mai tauri, wuƙa ba ta cika yi masa tabo ba, yana jure zafin tukunya, kuma ruwan lemon tsami ko na tsamiya ba ya cin fuskarsa kamar yadda yake cin ta dutsen mabul. Ba baƙo ba ne a wurinmu, domin Dutsen Kufena ma danginsa ne. Wanda ya duba gutsurensa da kyau zai ga ƙwayoyi masu sheƙi kamar gilashi, da farare ko masu ja-ja, da baƙaƙen ɗigo-ɗigo, duk a cakuɗe. Ashe dutsen ya zo da adonsa tun daga wurin da aka fasa shi.

Abin da ke damuna shi ne, maigida zai sayi giranit yau, bayan wata guda ya shiga Sabon Gari shi kaɗai ya ɗauko tayil mai furanni ko mai hoton tulu da 'ya'yan itace, don kawai ya burge shi a shago. Idan aka manna, sai kanta da bango su yi ta gasa, ido ya rasa inda zai tsaya. Matanmu sun daɗe da sanin maganin wannan, domin mace idan ta ɗaura atamfa mai yawan zane, takan nemi mayafi mai launi ɗaya da ya ɗauko ɗaya daga cikin launukan atamfar. Haka ya kamata a yi wa kicin. Idan dutsen baƙi ne mai ɗigon fari, tayil fari ko ruwan toka mai haske ya wadatar, zai kuma ƙara wa ɗakin haske. Idan mai ja-ja ne ko ruwan ƙasa, a nemi ruwan madara. Tayil mai zane sai ga wanda dutsensa ya kusa zama launi ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a roƙi mai yanka dutsen ya ba da ɗan gutsure, a tafi da shi shagon tayil, sa'an nan a kawo samfuri biyu ko uku gida a jingina su a bangon, a duba da rana, a kuma duba da dare, saboda farin ƙwan lantarki da mai ruwan ɗorawa kowanne na sauya launin abu.

Launi ma ba shi ne babbar magana ba. Girkinmu na manja ne da man gyaɗa, ga suyar ƙosai, ga talge yana tsalle daga tukunya, ga ƙurar hunturu da ke mannewa a kan maiƙo. Tayil mai kaushi ko mai ƙananan ramuka yana riƙe duk wannan, shi kuwa mai santsi tsumma da ruwan sabulu sun ishe shi. Ƙananan tayil masu kama da ƙwayar ludo suna da kyau a hoto, amma layukan da ke tsakaninsu sun yi yawa, kuma farin simintin da ake cike layukan da shi yana shan manja har ya koma ruwan goro, komai gugar da aka yi masa. Gara a ɗauki manya, kamar masu faɗin santimita 30 da tsawon santimita 60, a cike tsakaninsu da siminti mai ɗan duhu. A bayan murhun gas kuwa, ina ganin ya fi kyau tayil ɗin ya hau har sama, maimakon a tsaya a ɗan gezar giranit mai santimita 10 da wasu ke sawa, a bar fenti yana shan hayaƙi.

A wajen saye, a ƙara kamar kashi 10 cikin ɗari a kan awon bangon saboda yanka da fashewa, a kuma tabbata kwalayen duk fitowa ɗaya ne, domin tayil iri ɗaya kan bambanta a launi daga wannan fitowa zuwa waccan. Haka nan a gama aikin waya da soket kafin mai sa tayil ya fara, kuma a toshe mahaɗar kanta da bango da silikon, wato gam mai kama da roba da ke hana ruwa shiga, kada ruwan wanke-wanke ya riƙa zirarawa yana ruɓar da katakon ƙasa.

Ina kira ga magidanta da su tafi kasuwar tare da uwargida, ko su kawo mata samfurin ta zaɓa, tunda ita ce za ta tsaya gaban wannan bango safe da yamma tana goge shi. Masu shaguna kuma su riƙa tambayar mai saye irin dutsen da ya shimfiɗa kafin su buɗe masa kwali.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Zariya.