Zuwa ga mutumina na Los Angeles

Salam mutumina, ya aiki ya baƙunta? Ina fatan madam da yara duk kowa lafiya. Mu nan Kano alhamdulillahi, sai zafi da wutar nan da ba ta zama.

Kai da kullum idan mun yi waya sai kukan wai babu abincin kirki a garinku sai burodi da nama, to na kalli wani fim na gaskiya a kan garin naku, City of Gold, na 2015, wata mata Laura Gabbert ta shirya shi. Labarin wani ɗan jarida ne Jonathan Gold na jaridar Los Angeles Times, aikinsa kawai ya shiga gidan abinci ya ci ya rubuta yadda ya ji, kai ka ji sana'a! Kuma fa ba wasa ba, a 2007 ya ci lambar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, shi ne na farko da ya taɓa samunta cikin masu sharhin abinci.

Ni abin da ya burge ni shi ne mutumin bai raina ƙananan wurare ba, ga shi ƙato da dogon gashi yana cikin koriyar a-kori-kura yana ta zaga lunguna, yau yana wajen 'yan Meziko masu sayar da abincinsu taco a mota gobe unguwar 'yan Koriya jibi wajen 'yan China can San Gabriel. Tun yana saurayi ma ya ɗaura niyyar sai ya ci abinci a kowane shago da ke titin Pico. Kuma ba ya rubutu daga zuwa ɗaya, sai ya koma ya sake komawa.

Inda ya fi taɓa ni wajen wata mata ce 'yar Habasha mai shagon Meals by Genet a titin Fairfax. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kasuwa ta tsaya mata cak, tana gab da rufewa, sai bawan Allahn nan ya rubuta a kan doro wat ɗinta, miyar kaza ce ja wur mai yaji da dafaffen ƙwai a ciki, ana cinta da injera, kamar sinasir mai faɗi amma da tsami. Shi ke nan mutane suka yi mata caa. A nan namu wa zai zauna ya rubuta shafi guda a jarida kan mai masar bakin titi? Sai dai ɗan bidiyo a TikTok a wuce.

Mutumin ya rasu a 2018, ciwon daji, yana da shekara 57.

Don Allah ranar da ba ka aiki ka kwashi iyali ku je Fairfax ɗin, ka turo mini hoto a WhatsApp in gani ko a fim ne kawai ta yi kyau. Amma fa ka riƙa tambaya kafin ka ci, shi gogan naka har alade ci yake. Hajiya tana gaishe ka, wai yaushe za ka kawo mata jikokinta?

Naka har kullum.