Zuwa ga sabon malamin Littafin Yunana

Abokina,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Wata huɗu shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai ga saƙonka wai an ɗora maka nazarin Littafin Yunana a zumuntar matasa, ka rasa ta inda za ka kama. Kai da gyangyaɗi ke kwashewa tun ba a gama addu'ar buɗewa ba! To ka samu ɗan'uwa, shi ma annabin barcinsa yake shara a ƙasan jirgi, teku na neman haɗiye su.

Littafin sura 4 ne, aya 48, minti goma ya isa a karance shi da murya. Ka sa a karanta duka a zaman farko kafin kowa ya ce uffan. In ka gutsuttsura shi, a kan kifin za ku kwana: wannan ya ce wane irin kifi ne, wancan ya ce ta ina ya sha iska har kwana uku, lokaci ya ƙare. Alhali aya uku kacal suka ambaci kifin.

Ka zana taswira a allo. Yafa, inda ya hau jirgi, a bakin teku; Nineba, birnin Assuriyawa da Allah ya aike shi, can gabas a gaɓar kogin Dijla, daura da Mosul ta yau; Tarshish kuma, inda ya nufa da ya gudu, ƙetaren teku ta yamma. Ka faɗa musu su wane ne Assuriyawa, waɗanda daga baya suka ci Samariya, babban birnin Isra'ila, ƙasar Yunana, a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. In ba su san wannan ba, fushin Yunana zai zame musu kamar rigimar yaro.

Za su ce tsoro ne ya kore shi. Kada ka gyara musu, bar su su isa 4:2 da ƙafarsu. Da bakinsa ya ce ya gudu ne don ya san Allah mai jinƙai ne, mai jinkirin fushi, zai iya fasa hukuncin. Kalmomin Fitowa 34:6 ne ya ɗauko, amma shi ƙorafi yake yi da su.

 

 Sura ta 3. Wa'azin nasa kalma biyar ne a Ibrananci, saura kwana 40 a kife birnin. Sarki ya sauko daga gadon sarauta ya zauna cikin toka, har shanu da tumaki aka hana ci da sha. A sura ta 4, sai ga annabi ya kafa rumfa gabas da gari yana jiran wuta. Tsiro ya yi masa inuwa, da asuba tsutsa ta cinye shi, iskar gabas ta taso, ya ce gara ya mutu. A nan za ka kashe rabin lokacinka. Littafin da tambayar Allah ya ƙare, kan mutum sama da 120,000 da ba su san damansu da hagunsu ba, da dabbobi masu yawa. Yunana bai amsa ba, kai ma kada ka amsa masa, na san bakinka.

Wani zai tambayi ƙarshen Nineba. An rushe ta a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu, ka tura shi Littafin Nahum.

Kamus ɗina da ka ara fa? Ka ba direba ya kawo.

Naka har kullum.