Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai girma Gwamnan jihar Damagaram

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri.

Rasuwa aka yi mana a Zango, wani dattijo da duk unguwa Baba muke ce masa, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ba attajiri ba ne, ba ɗan siyasa ba, ma'aikacin reluwe ne. Na san wani zai yi dariya ya ce ina Zinder ina jirgin ƙasa, to ai shi ya sa na ɗauko alƙalami. Garin nan bai taɓa ganin layin dogo ba amma ya haifi ma'aikatan jirgi, tunda jirgi ya iso Kano tun 1911 ya kai Nguru a 1930, kuma gujiyarmu da fatunmu ta can suka riƙa bi zuwa teku, samari da yawa suka bi kayan suka samu aiki.

Baba yana cikinsu. Da leburanci ya fara a kan layin Nguru, canza katako da ɗaure noti cikin rana, har ya zama heluma, daga baya abokan aiki suka ɗora masa wakilcin sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, wai don shi in ya tsaya gaban manaja muryarsa ba ta rawa. Bai yi lakwal mai zurfi ba amma dokar aiki a kansa take, ya san awa nawa ne ƙa'ida, ya san haƙƙin wanda tarago ya cinye wa yatsa, kuma ko bayan ya ajiye aiki ya dawo gida ƴan kamasho da direbobin tasha wajensa suke zuwa in rigima ta haɗa su da masu mota. Kuma fa ba kullum yake ba su gaskiya ba, in kai ne da laifi a gaban kowa zai faɗa maka, shi ya sa wasu ba sa son zamansa.

In ya soma labarin Michael Imoudu, jagoran ma'aikatan reluwe na Najeriya, kuwa sai ka nemi wurin zama. Shi bai ga yajin aikin 1945 ba, a bakin manyansa ya ji, yadda ma'aikatan reluwe suka ja sauran ma'aikatan Najeriya aka ajiye aiki sama da kwana 40 kan kuɗin tsadar rayuwa har Turawa suka sauko. A ɓangarenmu na Faransa ma an yi, layin Dakar zuwa Bamako, daga Oktoba 1947 har Maris 1948 ƙarƙashin Ibrahima Sarr. Imoudu ya rasu a 2005, Najeriya ta sa sunansa a cibiyar nazarin ƙwadago ta Ilori. Namu fa? Ko jerin sunayensu ba mu da shi, na Kano da Nguru da waɗanda suka yi OCBN, kamfanin jirgin ƙasa na Benin da Nijar, a Paraku duk suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Roƙona ke nan ranka ya daɗe. A sa jami'ar André Salifou ta tura ɗalibai su bi unguwa-unguwa, Birni, Zango, Sabon Gari, har Magarya da Matamai, su ɗauki muryar waɗanda suka rage da takardunsu da hotunansu. Wannan ba ya cin kuɗi, waya ce da ɗan kuɗin mai.

Kuma ba don tarihi kawai ba. Tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil ke yi. Ranar da jirgin nan zai tsaya Maraɗi su wa za su riƙe shi, su wa za su gyara? Mun ga na Yamai zuwa Doso, an yi biki a 2016 ƙarfe na nan kwance ciyawa ta rufe, wallahi abin da ciwo. In ana so kar a maimaita to a fara koya wa yaranmu aikin tun yanzu, kuma ku da kuke zama da manya a Yamai ku riƙa tuna musu jihar da matatar mai ta SORAZ take ita ma tana da kayan da za ta loda wa tarago.

Iyalin Baba sun ce katinsa na sandika da hularsa ta aiki suna nan a ajiye, duk ranar da aka turo mutum za su bayar.

Na gode, Allah ya taya riƙo.

Naka,
wani maƙwabcin mamacin, Zango, Zinder