Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban gundumarmu: a gyara mana fitilun kasuwar dare

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Barka da shan ruwa.

Ni ɗan unguwar Nima ne a birnin Accra, ina sayar da turare da carbi da huluna a bakin titi. Maganar fitilu ce ta kawo ni, kuma ba baƙuwarka ba ce. Bara da ka zo rufe tafsiri a masallacinmu, da bakinka ka ce ba za mu sake azumi cikin duhu ba. Muka yi kabbara. Yau azumi 14, turakun layinmu na nan tsaye, babu ko ɗaya mai kamawa.

Ka san yadda wurin nan yake da an sallame asham. Jama'a su fito daga masallatai gaba ɗaya, mai ƙosai na suya, hayaƙin tsire na tashi, teloli na ɗinkin sallah, lasifika na karatun Alƙur'ani, babura na kutsawa tsakanin mutane. Har maƙwabtanmu Kiristoci daga Newtown da Kokomlemle suna zuwa sayen waakye, wato shinkafa da wake, da fura. Duk wannan taro da hasken waya da 'yan fitilun caji muke yin sa.

Daren Talata wata dattijuwa mai sayar da koko ta fito daga sallah, ta zurma ƙafa cikin kwatar da ba ta da murfi. Ni na ɗago ta. Zanenta ya jiƙe da baƙin ruwa, carbinta na hannunta, ba abin da take faɗi sai innalillahi. Ƙafar ta karye. Yanzu jikarta ƙarama ce ke tsare tukunyar har tsakar dare. Ranka ya daɗe, sa'ar mahaifiyarka ce. Kuɗin tikitin kasuwa kuwa kullum ana karɓa, ba mu taɓa ƙin biya ba.

Akwai batun shara da toshewar magudanai, ba mu kuma manta da ambaliyar 3 ga Yuni, 2015 ba, amma wannan sai wani jiƙon.

Goman ƙarshe na ƙofa. Mata da yara za su riƙa fitowa tahajjud ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu na dare. Don girman Allah ka turo masu gyara kafin daren 21, a rufe kwatar nan ko da katako ne. In kana son gani da idonka, zo bayan asham, ni zan zagaya da kai.

Naka,
Mai turare, Nima, Accra