Bayan tawagar aikin ido kyauta ta tafi, wa zai duba mu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato ƙarancin ƙwararrun likitocin ido a yankinmu na Daura da Jihar Katsina baki ɗaya, da kuma yadda muka saba kiran duk wanda ya taɓa ido da sunan likita.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya. A 'yan shekarun baya na fara lura cewa idan ina kan babur ba na ganin wanda ya ɓullo ta hagu sai ya kusa gogar ni, na kuma ɗauka tsufa ne ya kawo jiki. Wata ranar kasuwa na tsaya wurin wani mai tabarau da ya baza hajarsa a kan tebur, ya riƙa ɗora mini ɗaya bayan ɗaya yana miƙo mini guntun jarida, har muka dace da wanda rubutu ya fito tar. Kusan shekara biyu na yi ina karatu da wannan tabarau hankalina kwance. Sai da babban ɗana ya matsa mini lamba muka je asibiti a Katsina, inda wata likita ta ɗiga mini magani, ta auna ƙarfin ruwan ƙwayar idon, ta leƙa jijiyar gani da fitila, sannan aka zaunar da ni gaban wata na'ura aka ce in danna maɓalli duk lokacin da na hango ɗigon haske. Da ta gama duba takardar sai ta ce, "Baba, hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi a idon hagu ba zai dawo ba, aikinmu yanzu shi ne mu tsare wanda ya rage."

Ba na zargin mai tabarau da ha'inci, domin iyakar saninsa ya gwada mini. Matsalar ita ce mu da muke zuwa wurinsa ba mu san cewa aikin ido hawa-hawa ne ba. Likitan da ke yanka ido ya cire yanar ido sai ya fara zama cikakken likita tukuna: shekara 6 a jami'a, shekara guda ta horo a asibiti, wata shekarar ta bautar ƙasa, sannan ya shiga horon ƙwarewa na shekara 5 zuwa 6 a asibitin koyarwa ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, yana zana jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Idan aka tara lissafin, yaron da ya bar sakandare yana ɗan shekara 18 ba zai zama ƙwararre ba sai ya haura talatin, ko da yajin aikin jami'o'i bai ci masa ko wata guda ba. Akwai kuma masanin awon gani, wanda shi ma yake shafe shekara 6 a jami'a, kuma ana koyar da wannan fanni nan kusa da mu a Jami'ar Bayero ta Kano. Shi ne ke auna gani, ya rubuta tabarau daidai da idon mutum, ya gano cuta tun tana ƙarama ya tura gaba. Sai ma'aikatan jinya da suka yi ƙarin horo a kan ido, waɗanda galibi su ne marar lafiya ke fara cin karo da su.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama, fiye da mutum 4 a cikin 100 makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abu ne da za a iya karewa ko warkarwa. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43, hawan jinin ido na biye da ita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kusan rabin idanun da aka yi wa aikin yana ba a asibiti aka yi su ba, masu yawo ƙauye-ƙauye ne suka soka ƙarfe suka tura yanar can cikin ido. Duk wanda ya tashi a karkararmu ya san tsohon da ya yi 'yan kwanaki yana murnar ya ga haske, daga baya idon ya kumbura ya mutu gaba ɗaya. Inda ƙwararre bai kai ba, irin waɗannan ne ke cike gurbinsa.

Ba na raina aikin ido kyauta da gwamnati da ƙungiyoyi da masu hannu da shuni ke ɗaukar nauyi, Allah ya saka musu da alheri. Na ga ranar da aka ɓare wa wata tsohuwa filasta bayan an cire mata yana an sa mata ɗan gilashin roba a cikin idon, ta kama hannun jikarta tana ƙirga yatsun tana kuka. Aikin yana bai fi rabin sa'a ba, kuma sau ɗaya ake yin sa. Amma cuta irin tawa, da lalacewar ido da ciwon suga ke jawowa, ba a gama su a mako guda. Ni sai na ɗiga magani safe da dare har ƙarshen rayuwata, kuma duk bayan 'yan watanni sai an sake awo. Tawagar da ta zo ta yi kwana biyar ta naɗe kayanta ba za ta iya wannan ba.

Saboda haka nake kira ga gwamnatin jiha da ta ɗauki nauyin horon ƙwarewa na 'ya'yanmu likitoci bisa sharaɗin su dawo su yi wa jihar aiki, ta kuma biya su abin da zai hana su neman Saudiyya ko Ingila da zarar sun ƙware, domin wanda aka yi shekara 13 ana rainonsa asararsa ba ƙarama ba ce. Kafin su fito, a samar da masanin awon gani ko ma'aikacin jinya na ido, da na'urar auna ƙarfin ruwan ido, a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma daga cikin 34 da muke da su. Kai kuma, Malam Edita, ka ware shafi da likitocin ido za su riƙa amsa tambayoyin jama'a da Hausa, kada a jira sai ranar gani ta duniya a watan Oktoba.

Likitar ta gargaɗe ni cewa cutar tana bin dangi, ta ce in turo 'yan'uwana a auna su. Ƙanena ɗaya ya je, an kuma tarar da ita ta fara, yanzu yana kan magani. Ɗayan yana ƙauyenmu kusa da iyakar Nijar, kullum na yi masa magana sai ya ce yana gani garau, kuma kuɗin motar zuwa Katsina da dawowa sai bayan kaka.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Daura, Jihar Katsina.