Dogon hutun bana a Yankari muka yi shi

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ɗan ba ni fili. Dogon hutun bana ni da aminina tun na firamare muka ce mun gaji da zaman majalisa, muka haɗa ƴan kuɗinmu sai Yankari ta ƙaramar hukumar Alƙaleri a jihar Bauchi, kwana uku muka yi.

Wallahi ruwan Wikki kaɗai ya biya kuɗin mota, garai-garai kana hango yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, mutumina da ke cika bakin ya iya iyo ashe a bakin gaɓa zai ƙare yana riƙe da ni. Gwaggon biri kuwa ba kunya, a gabanmu wani ya fizge ledar burodinmu ya hau bishiya yana ci yana kallonmu.

Giwa kam ba mu gani ba sai sawunta da kashinta wajen kogin Gaji, laifinmu ne ma da muka je da damina ciyawa ta rufe ko'ina. Masu niyya su bari sai rani, lokacin dabbobi ke gangarowa shan ruwa.

Naku,
Mai karatu daga Gombe