Kan maganar idon Baba

Assalamu alaikum aminina,

Ina fata kuna lafiya, ya zaman Kumasi, ya iyali? Saƙonka ya iso. Na je gida na gaida Baba, kuma abin da ka ji gaskiya ne: idon dama ya yi fari fat, na hagun ma ya fara hazo. Da murya ya gane ni. Alƙur'aninsa kuwa yana rataye cikin gafaka, ya ce tun kafin azumi bai buɗe shi ba.

Da alama yanar ido ce, amma likita ne zai tabbatar. A cikin ido akwai wani ɗan gilashi da haske ke ratsawa, shi ne ke dusashewa da tsufa, ciwon suga kuma yana gaggauta shi. Babu kwalli ko maganin ɗigawa da ke wanke shi, sai aiki.

Abin da ya sa na zauna na rubuto maka shi ne na tarar ana shirin kiran mai allura, irin masu bin kasuwannin ƙauye. Don Allah ka buga waya ka hana, kai suke jin maganarka. Mutanen nan ba cire yanar suke yi ba, turata suke can cikin ido. Mutum ya ɗan ga haske a yi ta murna, bayan wata biyu ido ya kumbura, ko hawan jinin ido ya biyo baya, daga nan kuma babu gyara. Binciken makanta da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce ke jawo kashi 43 cikin 100 na makanta, alhali ita ce mai sauƙin magani idan ba a riga an ɓata idon ba.

A asibiti sukan auna idon, su duba suga da hawan jini, su kashe zafin wurin, mutum yana farke. Sai a cire gilashin da ya mutu a dasa na roba, wanda ake ta dasawa tun 1949 da aka fara a Landan. Aikin bai cika wuce minti 30 ba. Hanya biyu ce. Akwai na inji, fako, da ke farfasa yanar ta ƙaramar kafa ya zuƙe ta. Ya fi saurin warkewa, ya kuma fi tsada. Akwai na hannu, da ake ɗan faɗaɗa yankan a fito da ita ɗungurungum. A ganina kada ka matsa sai fako, domin yanar da ta ƙosa kamar ta Baba na hannun yana yi mata sosai.

Nan Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makkah, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ni zan kai shi, kai dai ka turo kuɗin. Ido ɗaya za a fara yi. Wahalar tana bayan aiki: ɗiga magani na makonni, ban da murza ido, ban da shigar ruwa. Ka san Baba da taurin kai, don haka a gabansa zan tambayi likita yadda zai yi da alwala da sujada.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Ina jiran wayarka kafin Juma'a.

Naka har kullum,
Amininka